Yadda na sa agogon matsin mai da na zafin ruwa na gaskiya a cikin allon Mazda MX-5

Motar da na yi wa wannan aiki Mazda MX-5 ce ƙirar 1996, ta kasuwar Amurka, mai inji lita 1.8. Tana cikin zubin farko da aka yi daga 1989 zuwa 1997, mai fitilun gaba masu ɗagowa, wadda a Amurka ake kira Miata, a Japan kuma Eunos Roadster. Allonta na da agoguna biyar: na fetur a hagu, na juyin inji, ƙaramin na matsin baƙin mai a tsakiya daga sama, na gudu, sai na zafin ruwa a dama.

Biyu daga cikinsu ba sa faɗa wa direba abin da yake buƙata. Har zuwa ƙirar 1994 agogon matsin mai na gaske ne, allurarsa na hawa da sauka tare da inji. Daga 1995 aka mayar da shi kunna-kashe: abin da ke jikin bulok, wato gangar inji, makunni ne kawai, da zarar an sami ɗan matsi sai allura ta je wuri ɗaya ta tsaya, ko mai ya yi kauri ko ya tsinke kamar ruwa. Na zafi kuwa an yi shi ne ya zauna a tsakiya cikin tazara mai faɗi, har sai zafi ya yi nisa sannan ya motsa. A injin da kansa na alminiyam ne, lokacin da allura ta motsa sau da yawa gaskit ya riga ya fara shan wahala.

Hanya mafi sauƙi ita ce a cusa agogo mai faɗin milimita 52 a cikin zagayayyun ramukan iska na tsakiyar dashbod, domin kusan daidai suke da shi. Ban bi ta ba, saboda ramin iska ya tafi ke nan, kuma ido sai ya bar hanya ya karkata gefe. Na fi son sababbin agogunan su zauna a gurbin tsofaffin, bayan gilashin allo. Wannan ya fi cin lokaci, amma abin da aikin ya koya mini shi ne yankan allo ba shi ne mai wuya ba. Gaskiyar agogo tana can wajen sensa, wato abin da ke auna matsi ko zafi ya aika wa agogo: inda aka ɗaura ta, irin tiredin da aka ɗaura ta da shi, da inda wayar nagetif ɗinta ta koma.

Kayan da na tara su ne agogo biyu na lantarki masu milimita 52, irin masu ƙaramar motar da ke juya allura digiri 270, sensar matsi mai waya uku, daga 0 zuwa 100 psi (ma'aunin matsi), sensar zafi mai waya biyu, adafta daga 1/8 BSPT zuwa 1/8 NPT (nau'ikan tiredi biyu ne, bayaninsu na gaba), tiyon mai mai rigar ƙarfe, girman -4AN, tsawon wajen santimita 45, da kawunansa, mahaɗar tiyon hita mai milimita 16 da ramin sensa a jikinta, kilam biyu, ruwan like tiredi, waya mai kaurin 0.5 mm² launi biyar. Soket mai baki takwas. Abin ɗaukar wuta daga akwatin fis da fis mai amfiya 3. Da ɗan faifan roba ABS mai kaurin milimita 2. Agogon matsi irin na da, wanda ake jawo masa siririn tiyon mai har cikin mota, ban ma saka shi a lissafi ba. Ranar da tiyon ya tsage a bayan allo, mai mai zafi zai zubo a kan wayoyi da ƙafar direba, injin kuma yana rasa mansa a lokaci guda.

Kafin in taɓa motar na haɗa komai a kan tebur da batir. Wannan mataki mutane ke tsallakewa, daga baya su rasa gane ko agogo ne ke ƙarya ko wayarin. Sensar zafi na rataya ta cikin tukunyar ruwa, ba ta taɓa gindin tukunya ba, tare da ma'aunin zafi na daban, na duba a digiri 60, 80 da lokacin tafasa. A bakin teku ruwa na tafasa a 100, amma yana raguwa kusan digiri ɗaya a kowace mita 300 ta tudu, don haka wanda ke gwaji a wuri irin Jos ya ga 96 kada ya zargi sensa. Ita kuwa sensar matsi agogo ne ke ba ta bolt 5, ta mayar masa da 0.5 idan babu matsi, 4.5 a 100 psi. Na haɗa ta da famfon taya mai geji: a 30 psi maltimita ta nuna 1.7, a 50 ta nuna 2.5. Lissafi ya fita daidai, na san kayan lafiya suke.

Batirin wannan mota a but yake, ba a gaban inji ba. Na cire kan nagetif da sifana lamba 10, na jira mintoci kafin in kusanci sitiyari saboda jakar iska. Na cire murfin robar wuyan sitiyari, sannan hular da ke rufe allo. Sukuru biyu ne a ƙasanta, sauran kilif ne na ƙarfe da ke riƙe da ita. Ana jan ta kai tsaye zuwa ƙirji, ba sama ba, ba gefe ba. Robar ta shekara kusan talatin tana shan rana, ta bushe kamar ƙwai, kuma yawancin waɗanda suka fasa ta sun fasa ta ne a wannan ja. Idan motar ta ɗan zauna a rana robar ta yi ɗumi, ta fi haƙuri. Bayan hular, sukuru huɗu ke riƙe da allon. A bayansa akwai soket na wayoyi da kuma kebul ɗin gudu, domin agogon gudu na wannan zubi da kebul yake aiki daga giyabos. Hannu ba ya shiga sosai, sai na fara sassauto kebul ɗin daga ɓangaren inji, na turo shi ciki kaɗan, sannan na matse kilif ɗinsa ya fita.

Kada a tuƙa motar allo na cire. Fitilar caji na cikin da'irar da ke tayar da altaneta, kuma kwamfutar inji daga cikin agogon gudu take samun labarin gudun mota.

A kan tebur na ɓalle gilashi da baƙar fuskar da ke zagaye agoguna, ta hanyar danna harsunansu ɗaya bayan ɗaya. Na sa safar hannu, domin fuskar agogon asali ba ta da sheƙi, kuma maiƙon yatsa idan ya hau ta ba ya goguwa sai ya bar tabo. Kowane ƙaramin agogo sukuru uku ke riƙe da shi ta baya, kuma su ne wayoyinsa: ɗaya wuta, ɗaya nagetif, ɗaya saƙon sensa, duk suna danne da wata siririyar takardar roba mai layukan jan ƙarfe da ta rufe bayan allon. Wannan takarda ita ce abin tsoro. Layukan da ke wucewa ta gefen agogon mai suna kai wuta ga wasu agoguna da fitilun gargaɗi. Na ɗauki hotonta, na bi kowane layi da maltimita na rubuta inda ya nufa, sannan na cire ƙwayayen fitila na naɗe ta gefe kafin in kawo abin yanka kusa. Idan dole sai an yanke layi, a yi masa gada da waya. Dalma a kan takardar nan sai da hannu mai sauri, don ƙarfen solda na narkar da robar cikin daƙiƙa biyu. Ni ƙaramin noti da zoben waya na yi amfani da su a ramukan sukurun asali.

Milimita 52 faɗin gangar jikin agogo ne, bakinsa ya fi haka, kuma ba zai shiga bayan baƙar fuskar allo da bakin a jikinsa ba. Bakin alminiyam ne da aka lanƙwasa ya rungumi gangar. Na kifa agogon a kan tsumma, na riƙa ɗaga lanƙwasar da siririn sukudireba, kaɗan kaɗan, zagaye uku kafin ya saki. Mai gaggawa a nan gilashin zai fasa ko ya karce fuska. Da baki da gilashi suka fita, abin da ya rage shi ne fuska, allura da allon lantarki a cikin kofinsu.

Tagar da ke jikin baƙar fuskar ta fi fuskar sabon agogo ƙanƙanta. Wannan ya kamata a auna tun kafin a sayi agogo: a zana tagar a takarda, a yanke, a ɗora a kan agogon da ake so, a ga ko lambobinsa sun fito. Agogon da lambobinsa ke can bakin gefe rabin kowace lamba zai ɓuya. Nawa lambobinsu na ciki-ciki, amma duk da haka sai da na faɗaɗa tagar agogon mai kaɗan da magagari mai zagaye, ina gwadawa bayan kowace goga, sannan na shafa baƙin fenti marar sheƙi a bakin yankan.

Zurfi ne ya fi ba da aiki. Farin akwatin allon na da bangaye a ciki waɗanda ke raba hasken wannan fitila da na waccan. Sai an yanke wasu kafin kofin agogo ya zauna, kuma duk bangon da aka cire haske zai tsallaka. Gwajin farko da na yi cikin duhu, hasken sabon agogo ya shiga gidan wata fitilar gargaɗi ta yi kamar tana kunne. Na mayar da bangayen da guntayen ABS da baƙin salatif na alminiyam. Wajen kafe agogon na yanka zobe daga faifan ABS, na ɗaure shi da ƙananan sukuru uku a jikin akwati. Ban yarda da gam mai narkewa da zafi ba, domin dashbod ɗin motar da aka ajiye a rana yana wuce digiri 70, a nan gam ɗin ke laushi agogo ya karkace. Tsakanin kan allura da gilashin allo na bar aƙalla milimita 2. Idan ta taɓa, motar da ke juya ta za ta tsallake taki, daga nan duk abin da ta nuna kuskure ne har sai an kashe an kunna.

Allurar ban cire ta ba, kuma shawarata ke nan ga kowa. Wanda dole ta sa shi, ya sa takarda a kan fuska, ya ɗaga da ƙananan cokula biyu ta gefe biyu a tare, kuma kada ya mayar da ita sai agogo na kunne yana karanta abin da aka sani, misali matsi sifili, sannan a danna ta a kan sifilin.

Yanzu ɓangaren inji, inda aka fi yin ɓarna. Makunnin mai yana jikin bulok ta dama, ƙarƙashin bututun shigar iska, kusa da filtar mai. Ta ƙasa ake kai masa, kuma cire filta da ƙarfen da ke tallafe da bututun na buɗe hanya. Ramin da ya fito daga ciki 1/8 BSPT ne, irin na motocin Japan, sensar da na saya kuma 1/8 NPT ce, irin ta Amurka. A ido kamar abu ɗaya. Amma BSPT na da haƙora 28 a inci, NPT na da 27, kuma kusurwar haƙorin ɗaya digiri 55 ce, ɗayan 60. Sensar NPT za ta shiga zagaye biyu ko uku ta cije, mai ɗaurawa ya ɗauka ta kama, ya ƙara ƙarfi. Abin da ya yi shi ne ya ci tiredin bulok, kuma mai zai riƙa tsatsafowa har abada. Adaftar da ke hana wannan ba ta kai kuɗin galan ɗin mai ba.

Duka biyun tiredi ne mai tsukewa, wato yana ƙara matsewa yayin da yake shiga. Ana ɗaurawa da hannu har ya tsaya, sannan a ƙara zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da sifana. Fiye da haka adaftar tagulla ce za ta karye a cikin rami, kuma fitar da guntunta a wannan lungu aikin yini ne. Ruwan like tiredi na shafa, na bar haƙora biyu na farko babu komai. Farin salatif na masu famfo ina guje masa saboda dalili biyu: guntunsa na iya yankewa ya bi hanyar mai ya toshe ƙaramin rami, kuma a sensa mai waya ɗaya, wadda jikinta ne nagetif ɗinta, yana raba ta da bulok sai karatu ya lalace.

Ban ɗora sensar kai tsaye a kan adafta ba. Injin silinda huɗu yana da karkarwa, kuma duk nauyin da aka rataya a ƙarshen siririyar tagulla yana lanƙwasa ta dubban sau a minti har wata rana ta tsage daga gindi. An fi ganin haka idan an jera adafta, mahaɗa mai baki uku da sensa biyu a kan juna. Daga adafta na ja tiyon -4AN zuwa jikin mota, na kafe sensar a can da maɗauri mai roba a ciki, na bar wa tiyon ɗan lanƙwasa domin inji na motsi a kan kujerunsa. Akwai masu sa faranti tsakanin filta da bulok, mai tiredi M20 x 1.5, wanda ke da ramukan sensa. Yana aiki, musamman ga mai son ƙara agogon zafin mai, sai dai ya ƙara wurin yoyo guda, kuma notinsa na iya kwancewa tare da filta ranar canjin mai.

Wurin sensar zafi sai an san tarihin injin. Asalinsa an tsara shi ne don kwanciya a gicciye, a motar da ke ja da ƙafafun gaba irin Mazda 323, inda ruwa ke shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan. Da aka miƙar da shi a MX-5 sai aka dawo da tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan ya yi zafi, zuwa gaba, ruwa ya zama yana shiga ta gaba yana fita ta gaba, silinda ta huɗu da ke can baya ta fi sauran zafi. Saboda haka mahaɗar da ake sawa a babban tiyon sama na lagireto ba ta gamsar da ni ba. Tana bayan tamostat, ba ta ganin komai sai ya buɗe, kuma ranar da ya maƙale a rufe, ranar da aka fi buƙatar agogo, za ta nuna sanyi inji na dahuwa. Tiyon hita da ke fitowa daga bayan kan inji shi ne wurin. A wannan mota ruwa na bin hita koyaushe, ko an kunna ta ko ba a kunna ba, kuma ruwan da ya fito daga wuri mafi zafi ne. Na rage ruwan lagireto, na yanke tiyon kusa da kan inji gwargwadon yadda hannu zai kai, na sa mahaɗar milimita 16. A tabbata kan sensa ya leƙa cikin ruwan da ke gudu, amma bai toshe hanyar ba. Idan tiyon ya tsufa a canza shi gaba ɗaya, kuma a yanka shi da reza daga bututun hita maimakon murɗawa, domin bututun siriri ne, yana lotsewa. Tsohuwar sensar agogo na bar ta a wurinta ta zama toshi, na naɗe wayarta. Sensar kwamfutar inji daban take, ba a taɓa ta.

Wayoyin sun bi ta robar bangon da ke tsakanin inji da ɗaki, cikin riga. Abu biyu ke wannan kusurwa: koyil na bayan kan inji, kuma bututun hayaƙi na gefen hagu. Na nisanta wayar saƙo da wayoyin fulogi, inda dole su haɗu na sa su gicciye maimakon su jera, na kuma sa rigar zafi a ɓangaren da ya kusanci hayaƙi. Wuta na ɗauko daga akwatin fis na wajen ƙafar direba, daga layin da ke zuwa sai an kunna makulli, ta fis ɗina mai amfiya 3. Duk wayoyin sun ratsa ta soket mai baki takwas a bayan allo, don gobe a iya cire allon ba tare da an yanka komai ba.

Nagetif ne ya ba ni matsala, kuma shi ke ba kusan kowa. Da farko na haɗa na agoguna da layin nagetif na allon asali. Da fankar lagireto ta tashi ko na kunna manyan fitilu, sai allurar matsi ta ɗan yi tsalle. Dalilin a lissafi yake: bolt 4 ne ke ɗauke da 100 psi, don haka bambancin bolt 0.1 tsakanin nagetif ɗin sensa da na agogo ya zama kuskuren psi 2.5. Layin da kaya da yawa ke rabawa yana samun wannan bambanci duk lokacin da wani abu mai jan wuta ya tashi. Maganin shi ne nagetif ɗin sensa ya dawo ta wayarsa har wajen agogo, su haɗu, sannan waya ɗaya ta tafi noti guda a jikin ƙarfen mota da aka kankare wa fenti. Da na yi haka allura ta natsu.

Hasken dare ma yana da tarko. A wannan mota abin rage hasken allo ta ɓangaren nagetif yake aiki, sababbin agoguna kuma yawanci suna jiran bolt 12 ne a wayar haske don su gane dare ya yi. Wayar da ta dace ita ce wadda ke ba da 12 cikakke idan an kunna ƙananan fitilu, kuma ba ta canzawa idan an murɗa abin ragewa. Maltimita ke nuna ta, ba launin waya ba. Kada a haɗa nagetif ɗin agogo da wayar ragewar. Hasken allon asali kore ne, sai na zaɓi kore a agogunan, na rage ƙarfinsa har ya daina fin na kusa da shi.

Kafin rufe gilashi na hure ƙura da iska, na jona allon a mota ba tare da hula ba, na murɗa makulli na ƙirga fitilun gargaɗi ɗaya bayan ɗaya. Na cika ruwa, na ɗaga gaban mota, na bar murfin lagireto a buɗe har tamostat ya buɗe kumfa ta daina fitowa. Iskar da ta maƙale a tiyon hita na sa allura ta riƙa hawa da faɗuwa ba dalili. Wannan ma darasi ne na kan hanya: idan ruwa ya zube, sensa na zaune cikin tururi tana iya nuna ƙasa da gaskiya, don haka zafin da ya hau sannan ya faɗi da kansa farat ɗaya ba sauƙi ba ne, alamar a tsaya ce.

Da sanyin safiya matsin ya tashi sama da 70 psi, ya riƙa sauka yayin da mai ke ɗumi, ya zauna wajen 20 a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba. Ma'aunin kamfani shi ne 43 zuwa 57 psi a juyi 3000 a minti idan inji ya yi zafi, kuma nawa ya faɗa ciki. Na tabbatar da shi da gejin makaniki da na ɗaura na ɗan lokaci a ƙarshen tiyon, bambancinsu bai kai psi 2 ba. Ruwa na kai zafin aikinsa tun mai bai kai ba, kuma agogon matsi ne ke nuna hakan: sai matsin silo ya gama sauka sannan nake ba inji wuta sosai. Idan allura ta nutse a kwana mai tsanani ko wajen taka birki, mai ne ya yi ƙasa a kwano, a duba sanda nan take. Fitilar gargaɗin agogunan na saita ta a 12 psi da digiri 105.

Bayan kilomita 100 na sake shiga ƙarƙashin motar da farin tsumma, na goge adafta, kawunan tiyo da gindin sensa, na ƙara matse kilam biyu na tiyon hita, domin sabuwar roba na saki bayan ta sha zafi sau biyu ko uku. Tsofaffin agoguna, sukurunsu shida da makunnin mai na sa su a leda guda da hoton layukan bayan allo, na ajiye tare da takardun motar.